Wuta Ɗaya, Rana Ɗaya: Shahidan Uganda da Zamanmu a Nan

Jawabin da aka gabatar a taron haɗin kan ikkilisiyoyi na shiyya, a makon tunawa da shahidan Uganda.

Karatu: Daniyel 3:8-30, Ibraniyawa 11:32-12:3, Yahaya 17:20-23.

  Na san waɗansunku sun baro gona a daidai lokacin shuka, waɗansu kuma sun hau babur tun da asuba kafin su iso nan. Ubangiji ya sāka muku.

An ba ni in yi magana a kan tsarkaka da shahidai waɗanda ikkilisiya take tunawa da su a rana guda. Na zaɓi ranar 3 ga Yuni, wato ranar shahidan Uganda, domin 'yan Afirka ne kamarmu, 'yan tsiraru ne a ƙasarsu a lokacin, kuma ɗariƙu biyu ne suke riƙe da ranar, Katolika da Anglikan. Mu ma da muke zaune a nan ba ɗariƙarmu ɗaya ba ce. Saboda haka labarin nan yana da abin da zai faɗa mana.

Wane ne shahidi?

Na san akwai dattijon da ya ji kalmar tsarkaka, gabansa ya faɗi, yana cewa a ransa ko yau za a koya mana yi wa matattu sujada. Baba, ka kwantar da hankalinka. Allah kaɗai ake yi wa sujada, kuma duk wanda yake cikin ɗakin nan ya yarda da haka. 'Yan'uwanmu Katolika sukan roƙi tsarkaka su yi addu'a dominsu. Mu da yawa a nan ba ma yin haka, kuma ba a kira taron nan domin a raba wannan gardama ba. Amma tunawa da waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya aikin kowane mai bi ne. Ibraniyawa sura 11 jerin sunaye ce, marubucin kuwa ya jera su domin masu karatunsa su sami ƙarfin jimrewa.

Kalmar da Sabon Alkawari ya yi amfani da ita a Helenanci ita ce martus, ma'anarta mashaidi, mutumin da ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya sani. Hausa ta sauƙaƙa mana, gama shaida da mashaidi da shahidi tushensu ɗaya. Shahidi mashaidi ne wanda aka ce ya janye shaidarsa ko a kashe shi, ya ƙi janyewa. Ba ya kashe kowa, ba ya kuma neman mutuwa da gangan.

Al'adar keɓe rana tsohuwa ce. Da aka kashe Bolikabus, bishop na Simirna, wajen shekara ta 155, masu bi suka tattara ƙasusuwansa, suka shirya taruwa kowace shekara a ranar mutuwarsa. Da shahidai suka yi yawa, sai aka fara haɗa su. Bitrus da Bulus suna da rana ɗaya, 29 ga Yuni. Ikkilisiyoyin yamma suna tunawa da dukan tsarkaka ranar 1 ga Nuwamba, na gabas kuwa ranar Lahadi ta farko bayan Fentikos. Ranar shahidan Uganda tana cikin irin waɗannan ranaku.

Abin da ya faru a Buganda

Buganda masarauta ce a bakin Tafkin Biktoriya, inda birnin Kampala yake a yau. Sarkinsu ana ce masa Kabaka. Fatake Musulmi daga Zanzibar sun isa can tun cikin shekarun 1840. 'Yan mishan na Anglikan daga Ingila suka iso a 1877, a zamanin Kabaka Mutesa na Ɗaya, sa'an nan Fadan Katolika daga Faransa suka biyo baya a 1879. Abin baƙin ciki, sun zo da tsohuwar gabarsu ta Turai. Alexander Mackay na Anglikan da Fada Simeon Lourdel na Katolika sun yi gardama a gaban sarki da fadawansa, kowa yana nuna kuskuren ɗan'uwansa. Duk da haka Allah ya yi aikinsa. Samari da yawa daga cikin yaran fada suka koyi karatu, suka ba da gaskiya, waɗansu a wannan mishan, waɗansu a wancan.

Mutesa ya rasu a 1884, ɗansa Mwanga na Biyu ya gāje shi yana saurayi, bai kai shekara 20 ba. Kada mu ɗauka tsoronsa ba shi da dalili. A lokacin nan ne Turawa suke rarraba Afirka, Jamusawa kuma sun fara kama ƙasa a gabas. Waziri da manyan fada suna faɗa masa cewa yaran nan masu addu'a sun zama mutanen baƙi. Ban da wannan, sarkin ya saba neman yaran fada da lalata, kuma ba a cewa sarki a'a. Kiristocin cikinsu suka fara cewa a'a.

Ranar 31 ga Janairu 1885 aka kashe samari uku na Anglikan, Makko Kakumba, Nuwa Serwanga da Yusufu Lugalama wanda yaro ne ƙarami. Ranar 29 ga Oktoba na shekarar, bisa umarnin Mwanga, aka kashe Bishop James Hannington na Anglikan a ƙasar Busoga yana kan hanyarsa ta zuwa Buganda.

'Yan'uwa, ku lura da abin da ya biyo baya. Sarkin gidan Mwanga a lokacin, mai kula da yaran fada, shi ne Yusufu Mukasa Balikuddembe, ɗan Katolika. Shi ne ya tsaya gaban sarki ya tsauta masa a kan jinin Bishop ɗin. Da ya ga dama sai ya ce ai wannan ba bishop ɗinmu ba ne, ya yi shiru ya riƙe matsayinsa. Bai yi haka ba. Ranar 15 ga Nuwamba 1885 aka sare kansa, aka ƙone gawarsa. Kafin a kashe shi ya aika wa sarki cewa ya gafarta masa, amma ya tuba. Wato shahidi na fari na Katolika a Uganda ya mutu, a cikin dalilan mutuwarsa har da tsayawa domin ɗan Anglikan.

Charles Lwanga ya karɓi baftisma a lokacin mutuwar Balikuddembe, shi ne kuma ya ci gaba da kāre yaran. Ranar 25 ga Mayu 1886, a Munyonyo, sarki ya dawo daga farauta bai tarar da yaransa ba. Ya ji labari cewa Denis Ssebuggwawo yana koya wa wani yaro addini, sai ya hasala ya soke shi da mashi, daga baya aka ƙarasa shi. A daren nan Lwanga ya ga abin da yake tafe, ya yi wa yaran da suke ajin baftisma baftisma da hannunsa. Cikinsu akwai Kizito, ɗan shekara 14 ko kusa da haka. Kashegari sarki ya tara yaran fada, ya ce masu addu'a su ware gefe guda. Bai ce 'yan Katolika su tsaya dama, 'yan Anglikan su tsaya hagu ba. Masu addu'a kawai ya ce, suka kuwa fito tare.

Aka ɗaure su, aka kora su a ƙafa zuwa Namugongo, wurin da ake zartar da hukuncin kisa. An kashe waɗansu a hanya. Wani dattijo, Matiyas Mulumba, mai taimakon hakimi wajen shari'a, an daddatse gaɓoɓinsa a Kampala, aka bar shi a daji har ya cika ranar 30 ga Mayu. Sauran suka yi kamar mako guda a ɗaure a Namugongo, suna gani ana tara itacen da za a ƙone su da shi. Cikinsu akwai Mbaga Tuzinde, wanda babban haunin sarki yake matsayin ubansa. Uban ya roƙe shi ya bar addinin nan ya tsira, yaron ya ƙi.

Ranar 3 ga Yuni 1886, wadda ta zo daidai da ranar tunawa da hawan Ubangiji zuwa sama, aka ware Lwanga aka ƙone shi shi kaɗai, a hankali, daga ƙafafu. Sauran aka naɗe kowa cikin asabarin kara, aka jera su bisa itace, 'yan Katolika da 'yan Anglikan, aka cinna wuta. Waɗanda suka gani sun shaida cewa addu'a ake ji daga cikin wutar. Da ta mutu, toka ɗaya ce ta rage, ba mai iya rarrabe ta wane da ta wane. Kisan ya ci gaba har 27 ga Janairu 1887. Waɗanda aka rubuta sunayensu su 45 ne, 22 na Katolika, 23 na Anglikan.

A karatunmu na Daniyel, Shadrak da Meshak da Abednego sun faɗa wa Nebukadnezzar cewa Allah yana da iko ya cece su, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Su ukun nan Allah ya fid da su. Yaran Namugongo bai fid da su ba. Ibraniyawa 11 ta san iri biyun nan, waɗanda suka tsira ta wurin bangaskiya da waɗanda aka kashe cikin bangaskiya, ta kuma sa su a jeri ɗaya.

Shekara shida bayan wutar

Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu yi waƙa mu tashi. Amma akwai sashen da ba a cika faɗa a majami'a ba, shi ne kuma ya fi damuna.

Tsananin bai kashe ikkilisiya ba, masu bi ƙaruwa suka yi. Suka sami bindigogi, suka sami sarauta, suka zama masu faɗa a ji a fada. Sai suka rabu gida biyu, ana kiran 'yan Katolika mutanen Faransa, 'yan Anglikan kuwa mutanen Ingila. Aka shiga jayayya a kan sarautu da filaye. A watan Janairu 1892 suka gwabza yaƙi a Mengo. Wani hafsan Ingila da yake can a lokacin ya ba 'yan Anglikan bindigogi, ya kuma goya musu baya da bindigar Maksim mai aman harsashi. Aka kori 'yan Katolika, aka ƙone majami'arsu ta Rubaga. Kun san hafsan nan. Shi ne Lugga, wanda daga baya ya zama gwamna a ƙasarmu.

Ku lissafa da kanku. Daga 1886 zuwa 1892 shekara shida ce. Mutanen da 'yan'uwansu da abokansu suka ƙone cikin wuta ɗaya, su ne suke harbin juna, baƙo kuma yana tsaye yana cin ribar rabuwarsu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wannan tsaga ta daɗe, har ta shiga siyasar jam'iyyu a lokacin samun 'yancin kan Uganda. Tsanani ya haɗa su, samun wuri ya raba su.

Gyara ya ɗauki lokaci. Ranar 18 ga Oktoba 1964, da Paparoma Bulus na Shida yake sa mutum 22 ɗin nan cikin jerin tsarkaka, ya ambaci 'yan Anglikan da suka mutu tare da su, ya ce ba za a manta da su ba. Da ya zo Uganda a 1969 ya ziyarci wurin tunawa na Anglikan. Paparoma Francis ma a 2015 ya yi addu'a a can kafin ya wuce zuwa na Katolika. Yanzu 3 ga Yuni ranar hutu ce a ƙasar duka. Mutane sukan yi makonni suna tafiya a ƙafa zuwa Namugongo, har daga Kenya da Tanzaniya, daga Nijeriya ma akan je. Kowace ɗariƙa tana yin sujadarta a nata wurin, bisa ga nata tsari. Majami'ar Katolika tana daidai inda aka ƙone Lwanga, wurin Anglikan kuwa yana inda aka ƙone sauran, har da 'yan Katolikan cikinsu. Ba wanda ya bar koyarwarsa, amma rana ɗaya ce, labari ɗaya ne.

Mu fa?

Bari in fara da kaina, kada in ɗora wa wani. A ƙauyen da aka fara tura ni aiki bayan makarantar tauhidi, majami'u uku ne, dukanmu in an haɗa ba mu cika ɗari biyu ba. Ba mu da maƙabarta. Katikis na Katolika ya zo gidana da takarda, ya ce mu sa hannu tare mu kai wa dagaci. Ni kuwa ina ɗauke da sabon ilimi a ka, na ce ba zan haɗa sunana da nasa a takarda ɗaya ba. Kowa ya je shi kaɗai, kowa ya ɗan rage darajar ɗan'uwansa a gaban dagaci. Dagacin, dattijo ne Musulmi mai hankali, ya ce mu koma mu daidaita tukuna, gama ba zai yanka fili uku ba. Muka yi shekara biyu a haka. Cikin wannan lokaci wata tsohuwa daga cikin masu bi na fari a ƙauyen ta rasu, muka binne ta a gefen gonar ɗanta. Wanda ya fara zuwa da magirbi domin haƙa kabarin, katikis ɗin nan ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Bayan mako biyu muka tafi tare, aka ba mu fili.

Na san kowannenku yana da irin wannan labari. In an hana mu wurin gini, ko an rasa malamin koyar da addinin Kirista a makarantar garin, ko tashin hankali ya zo, ba mai tambayarmu sunan ɗariƙa. Mukan gudu wuri ɗaya, mu kwana a tabarma ɗaya, mu ci daga tukunya ɗaya. Da ƙura ta lafa, kayan taimako suka zo, ko aka ce za a zaɓi shugabannin ƙungiya, sai mu tuna cewa wane ba namu ba ne. Ƙaramin Mengo ke nan. A Yahaya 17 Ubangiji ya yi addu'a a daren da za a bashe shi, ya roƙa mu zama ɗaya domin duniya ta gaskata. Maƙwabtanmu ba sa karanta littattafan koyarwarmu. Zamanmu da juna suke karantawa.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

Na ɗaya, dattawa, duk abin da ya shafe mu duka, ko a gaban hakimi ko a ƙaramar hukuma, mu je da takarda ɗaya da baki ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an taɓa majami'ar da ba taku ba, ku tuna da Balikuddembe, ku fara isa wurin.

Na biyu, abokan aikina, mu daina zagin juna daga bagadi, mu daina zawarcin tumakin juna. Ka koyar da abin da ikkilisiyarka ta gaskata, da dukan zuciyarka. Za ka iya yin haka ba tare da ka kira ɗan'uwanka ɓatacce ba. Zumunta kuwa a ƙafa take: yaushe rabonka da shiga gidan faston da yake bayan majami'arka?

Na uku, iyaye, ku dubi shekarun waɗanda suka mutu. Yawancinsu matasa ne, waɗansu kwana tara kawai suka yi da baftisma. Wanda ya shirya su ba bature ba ne, ɗan'uwansu ne da yake koya musu da dare. Jarabar farko da suka ci nasara a kanta kuwa ba wuta ba ce, kiran mai iko ne zuwa lalata. 'Ya'yanmu mata da maza suna gamuwa da irin wannan kira a makaranta da wurin aiki, daga masu riƙe da maki ko albashi. Mu riƙe ajin baftisma da makarantar Lahadi da muhimmanci, in yaro kuma ya ce a'a ya rasa wani abu saboda haka, ikkilisiya ta tsaya a bayansa.

Na huɗu, mu rubuta namu. Kowane ƙauye a nan yana da mai bi na fari, wanda aka kora daga gida, ko aka hana shi gādo, ko ya rasa ransa, ya kuwa tsaya. Tsofaffin da suka san sunayensu suna ƙarewa. Kowace ikkilisiya ta sami littafi ta rubuta sunayen da labarinsu. Sa'an nan sau ɗaya a shekara mu taru, bana a wannan majami'a, baɗi a waccan, mu karanta sunayen duka a jeri ɗaya, ba tare da ware ɗariƙa ba.

Amma ku ji ni da kyau, matasa. Littafin nan ba na ajiye fushi ba ne. Tunawa da shahidai in ta haifi ramuwa, ta lalace. Istifanus ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara, kamar Ubangijinsa a kan gicciye. Ku kuma san cewa a Namugongo ɗin nan, kamar shekara goma kafin Kiristoci, Kabaka Mutesa ya ƙone samari Musulmi da yawa saboda sun fifita dokar addininsu bisa umarninsa, Musulmin Uganda kuma suna tunawa da su har yau. Wanda ya tsaya a kan bangaskiyarsa ya kamata ya fi kowa girmama lamirin maƙwabcinsa. Mwanga kansa, Ingila ta kama shi a 1899, ta kai shi tsibiran Seshel, inda ya mutu a 1903. Kafin ya mutu an yi masa baftisma, sunan da ya ɗauka kuwa Daniyel ne. Da wani ya rama a 1886, da ba a kai ga wannan rana ba. A yau fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen Uganda Kiristoci ne.

Ba na yi muku alkawari cewa yawanmu zai zama haka a nan. Wannan yana hannun Allah. Abin da yake hannunmu shi ne kada mu jira sai wuta ta zo kafin mu san cewa mu 'yan'uwa ne.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin bayinka na Uganda, da dukan waɗanda suka riƙe shaidarsu har ƙarshe, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka gafarta mana girman kai da ya raba mu. Ka ba dattawanmu hikima, ka ba matasanmu ƙarfin cewa a'a ga mugunta, ka tsare zukatanmu daga ramuwa. Ka albarkaci maƙwabtanmu da sarakunanmu, ka ba ƙasarmu salama. Ka ba mu damina mai albarka, ka kuma mai da kowa gidansa lafiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.